Gizo da Kura daga buhun tela: yadda ake ɗinka 'yar tsanar hannu da za ta jure wasan yara

'Yar tsanar hannu, wadda ake zura wa hannu a riƙa motsa ta ana yi mata murya, ba ta cin kuɗi, kuma ba dole sai da keken ɗinki ba. Amma sau da yawa wadda aka ɗinka a gida ba ta daɗewa: ko dai kan ya langaɓe, ko hammata ta yage, ko bakin ya yi laushi ya daina rufuwa. Dalili shi ne mai ɗinkin ta ƙarar da ƙoƙarinta a kan fuska da ado, ta bar wuraren da hannu ke wahalarwa. Wuya, hammata da cikin baki, nan ne aikin yake. Uwargida, idan kika gyara waɗannan ukun, ko idon ya ɗan karkace yara ba za su damu ba. Maigidan da ya iya zura zare a allura shi ma bayanin ya shafe shi, don a Kano ɗinkin hannu bai taɓa zama na mata kaɗai ba, masu ɗinkin hula da na babbar riga shaida ne.

Ƙyalle ba sai an je Kantin Kwari an yanko yadi ba. Kowane tela yana da buhun guntaye, kuma lokacin da buhun ya fi cika shi ne bayan ɗinkin sallah. Ki bari sai sallah ta wuce ki tambaya, don a goman ƙarshe na azumi babu telan da zai saurare ki. Jikin 'yar tsana ɗaya yana buƙatar ƙyalle 2, kowanne kamar inci 13 a tsaye, inci 12 a kwance. Atamfar auduga ita ce gaba: tana da jiki, ba ta santsi a ƙarƙashin allura, tana shan gumin hannu. Atamfar roba kuwa zamewa take yi, bakinta yana zazzarewa, dutsen guga yana iya narkar da ita, kuma hannu zai jiƙe sharkaf a cikinta lokacin bazara. Idan kina shakka, ki zare 'yan zarurruka ki kusantar da su ga wutar ashana. Auduga za ta ci ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, roba kuwa za ta naɗe ta dunƙule ta yi baƙin ƙullutu mai tauri. Shadda tana da kyau a ido, sai dai ƙyallinta da taurinta suna raguwa da wanki, ga tsada, ki bar ta don 'yar riga ko hula. Leshi kuma yatsu suna leƙowa ta hujojinsa.

Kafin almakashi ya taɓa ƙyallen, ki wanke shi, ki shanya, ki goge. Auduga tana ɗan shiga a wankin farko, kuma idan aka haɗa wankakken ƙyalle da sabo, ranar wanki ɗaya zai ja ɗaya, ɗinkin ya tattare. Sannan ki gwada zubar launi: ki jiƙa farin tsumma ki goga da ƙarfi a kai. Ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi zuba. Rinin shuni irin na Ƙofar Mata yana da kyau ƙwarai a jikin Gizo, amma sabonsa yana shafa launi a hannu, kuma yaro ƙarami komai baki yake kaiwa, don haka sai an ɗauraye shi an sake ɗaurayewa har ruwan ya fita fari.

Zare kuwa, araha ba ta ado. Ki naɗa shi a yatsu biyu ki finciko. Idan ya tsinke ba da wata wahala ba, ya tsufa ko ba mai kyau ba ne, kada ki ɓata aikinki da shi. Zaren da teloli ke sa wa keke ya isa, a ninka shi biyu a wurin wuya da hammata. Kada tsawon da kika yanka ya wuce kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan inci 18. Dogon zare yana harɗewa, kuma yawan ratsa ƙyalle yana cinye shi tun kafin a kai ƙarshensa. Idan kika goga shi sau 2 a jikin kyandir, zai rage ƙulluwa. Za ki buƙaci allura iri 2: matsakaiciya ta ɗinki, da doguwa mai faɗin kafa wadda za ta ratsa kai daga ƙeya zuwa fuska. A keke, allura mai lamba 14 ce daidai da atamfa.

Yanzu awo, wanda shi ne ya fi komai. Kada ki zana jikin da ka, ki aune shi a hannun da zai sa shi. Ki ɗora hannu a kan takarda ko kwali, ki miƙe manuniya tsaye, ki buɗe babban yatsa gefe ɗaya, na tsakiya ɗaya gefen, ki naɗe sauran biyun cikin tafi. Manuniya ita ce wuya, babban yatsa da na tsakiya su ne hannuwa. Ki bi gefen hannun da fensir, sannan ki sake jan wani layin a waje da tazarar inci 1 ko'ina: rabin inci na sakewar hannu, rabin inci na bakin ɗinki. Tsawon ya wuce wuyan hannu da inci 3 ko 4, don kada fatar mai wasa ta riƙa bayyana idan ta ɗaga hannu. A hannun babbar mace jikin yakan fito kamar inci 12 a tsawo, inci 7 zuwa 8 a faɗin ƙasa. Na yaro ɗan shekara 6 bai wuce inci 9 da inci 6 ba.

Akwai abin da ke ruɗa masu farawa a nan. Hannun mutum ba daidai yake ba, babban yatsa yana ƙasa, na tsakiya yana sama kuma ya fi tsawo. Idan kika bi zanen yadda ya fito, 'yar tsanar za ta shiga hannu ɗaya kawai, kuma kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tudu. Ki ninke takardar biyu a kan layin manuniya, ki ɗauki tsaka-tsakin ɓangarorin biyu, ki yanke su tare. Hannuwan su ɗan kalli sama, kada su miƙe a kwance, saboda haka yatsu suke tsayawa idan an buɗe su. Faɗin kowane hannu kada ya gaza inci 2 da rabi a takarda, in ba haka ba bayan ɗinki ba zai juyu ba, balle yatsa ya shiga. Wurin da aka fi matsewa ba a sani ba shi ne ƙirji, domin yatsu biyun nan da aka naɗe suna buƙatar wurin zama. Ki bar ƙirjin da faɗi, gara ya yi yawa.

Wajen yanka, ki duba gefen atamfa inda ake buga sunan kamfani. Ƙyalle ba ya talewa a tsawon wannan gefen, amma yana ɗan bayarwa a kwance. Ki sa tsawon 'yar tsanar ya bi gefen, ta yadda bayarwar za ta zo a faɗi, inda hannu ke buɗewa. Gaba da baya duk a yanka su ta fuska ɗaya. Idan ɗaya ya bi tsawo ɗaya ya bi kwance, jikin zai murɗe bayan wanki, kuma babu gugar da za ta miƙar da shi.

Gizo ƙafa 8 gare shi. Yatsunki sun ba shi 2, saura 6. Ki yanka ƙyallaye 6, kowanne inci 2 da inci 5, ki ninke a tsaye, ki ɗinke gefe da baki ɗaya, ki juya da gindin fensir, ki cusa ɗan abin ciko amma ki bar inci 1 na buɗaɗɗen bakin babu komai. Wadda take ganin wannan wahala ce ta kitsa ulu, igiya 9 kashi 3, ta ɗaure ƙarshe, ya yi ƙafa. Waya dai kada ta shiga, ko da kin ga tana sa ƙafar ta lanƙwasu da kyau, domin wata rana sai ta huda ƙyallen ta fito. Ga inda ake kuskure: ki shimfiɗa ƙyallen gaba fuskarsa tana sama, ki jera ƙafafu 3 a kowane gefe ƙasa da hammata, kawunansu suna kallon cikin jiki, buɗaɗɗun bakunansu suna daidai da gefen ƙyallen. Sai ki kife ƙyallen baya a kai ki ɗinke. Idan aka juya, ƙafafun za su fito waje. Wadda ta jera su suna kallon waje tun farko, idan ta juya za ta tarar da su duka a cikin ciki.

Ɗinkin jiki da hannu, kada ki yi irin na shiga da fita kawai, zare ɗaya ya tsinke duk ya warware. Ki yi mai komawa baya: allura ta fito gaba, ta koma ta shiga inda ɗinkin baya ya ƙare, ta sake fitowa gaba. Kamar ɗinki 8 zuwa 10 a kowane inci. A keke ki matse shi ya kai 12. Ki bar ƙasa a buɗe, ki bar saman wuya a buɗe. A hammata ki bi layin sau 2, ki faro inci 1 kafin lungun, ki wuce shi da inci 1. Daga nan sai abin da mutane da yawa ke tsoro: ki ɗauki almakashi ki tsaga rarar ƙyallen da ke lungun hammata da na wuya, tsaga 3 ko 4, har ya rage kaurin tsinken ashana tsakanin tsagar da zare. Rashin tsagawa ne ke sa hammata ta tattare bayan juyawa, kuma duk lokacin da aka buɗe hannu ƙyallen yana jan zaren har ya tsinke. A ƙarshen hannuwa kuma, inda ya zagaye, rage rarar za ki yi zuwa kwatan inci don kada ta dunƙule a ciki. Ƙasan jikin ki kalmasa shi ninki 2. Idan atamfar ba ta da kauri, ki yanka wani jikin da tsohon zanen gado ki yi masa shafi, zai sha gumi kuma ya ɓoye bakin ɗinkin da ke kama farce.

Kai da wuya

Kai ya fi kyau da ƙyalle mai talewa, kamar tsohuwar singileti ko riga irin ta 'yan ƙwallo ta auduga, domin yana zagayewa ba tare da tattara mai yawa ba. Da'ira mai faɗin inci 9 tana ba da kai mai faɗin kamar inci 3. Murfin tukunya ko faranti ya isa abin zanawa. Ki bi gefen da'irar da manyan ɗinkuna da zare ninki 2, rabin inci daga baki, ki ja ya fara tattaruwa, sai ki fara cusa ciko.

A kan ciko akwai zaɓi, kuma ba duka ne ɗaya ba. Farin zaren roban nan da ake cusa wa filo na zamani shi ne ya fi dacewa: ba shi da nauyi, yana wankuwa, yana bushewa da wuri. Tsohon filo ɗaya zai yi kawuna da yawa, a wanke shi a tsefe. Auduga tana cika da kyau da farko, amma in ta sha ruwa sai ta cure, kuma tana daɗewa ba ta bushe ba. Audugar rimi ba nauyi, sai dai tana tashi tana shiga hanci, ga saurin kama wuta, gidan da ake girki da gawayi ko risho a tsakar gida ya yi hattara da ita. Guntayen soson katifa suna fitar da ƙulluttai a fuska, kuma suna marmashewa idan sun tsufa. Guntayen ƙyalle suna da nauyi, su ne ke sa kai ya rinjayi yatsa. Gero, shinkafa ko wake kuwa gayyatar ƙwari da ɓera ne kawai. Ki riƙa cusawa kaɗan-kaɗan, kowane ɗiba kamar girman goro, kina tura shi gefe-gefe tukuna, tsakiya daga ƙarshe. Wadda ta dunƙula duka ta tura lokaci ɗaya za ta samu kai mai kwarmi a gefe ɗaya. Ya cika har ya yi ɗan tauri, don ciko yana kwantawa da amfani.

Wuya shi ne bututun da yatsa ke shiga. Ba tare da shi ba yatsa yana yawo a cikin ciko, kan yana faɗuwa gaba. Kwali yana yi na ɗan lokaci, amma gumi yana laushe shi, wanki kuma ya kashe shi. Gara guntun fata mai ɗan kauri, irin ragowar da dukawa ke bari a wajen Kasuwar Kurmi, ko roba mai laushi irin ta bangon fayil. Ki yanka inci 2 da inci 3 da rabi. Ki naɗe manuniyarki da hankici ninki ɗaya, ki naɗa fatar a kai, ki ɗinke inda ta haɗu. Hankicin shi ne ke ba da sararin da ake so, kada bututun ya kama yatsa, kada kuma ya yi galau-galau. Yatsa ya shiga zuwa gaɓa ta biyu kawai, domin lanƙwasawar wannan gaɓar ce ke sa Gizo ya sunkuyar da kai gaban sarki. Idan roba ce, ki lulluɓe ta da ƙyalle don bakinta yana da kaifi. Ki yi rami a tsakiyar cikon da babban yatsa, ki tura bututun inci 1 da rabi cikin kai, ki bar rabin inci a waje, ki ja zaren tattarar ya kama shi, ki ƙulle. Sai ki zura ragowar cikin wuyan jiki, ki kalmasa bakin wuyan ciki, ki ɗinke kai da bututu da jiki gaba ɗaya, zagaye 2, da zare ninki 2. A fata ko roba ki fara huda hujoji da basilla, in ba haka ba allura za ta karye. Gwaji shi ne ki riƙe kan ki ja jikin da ƙarfi irin na yaran da ke rigimar abin wasa. Idan kin ga zare ya bayyana, ƙara zagaye.

Fuska sai bayan ciko, saboda ƙyalle mai talewa yana sauya wurin komai idan ya cika. Ki fara sa alama da alli. Idanu su zauna a tsakiyar tsawon kai ko ƙasa kaɗan, ba a goshi ba. Mai farawa kusan kullum sama take kai su, sai fuskar ta fito kamar ta tsoho. Su ɗan kusanci juna, ta haka ne 'yar tsanar za ta zama kamar tana kallon wanda ke gabanta. Zaren ado mai igiya 6 a raba shi a yi da 3, ko a yi da zaren hula. Ki shigar da doguwar allura ta ƙeya ta fito a fuska, idan kin gama ki mayar da ita ƙeya ki ƙulle, gashi ko hula za su rufe ƙullin. Kada ki ja da ƙarfi, fuskar za ta loɓa. Maɓalli da duwatsun ado suna da kyau a matsayin ido, amma idan akwai yaro ƙasa da shekara 3 a gidan ki bar su, yana iya cizgewa ya shaƙe. Haka nan duk wata igiya ko ɗamara kada ta wuce taƙi ɗaya. Biro da alƙalamin launi suna nashewa a ƙyalle, musamman in ya jiƙe.

Wasu gidaje ba sa son cikakkiyar fuska saboda maganar sura. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma sahabbai mata sun riƙa yi wa yaransu abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali a azumin Ashura. Duk da haka akwai malaman da suka fi son a bar fuskar ba cikakkun kamanni. Mai bin wannan ba ta rasa komai ba, domin hula, ɗankwali, murya da motsi su ne ke nuna wane ne wane. Gizo da jar dara, Ƙoƙi da ɗaurin ɗankwali da dogon wuya, ba yaron da zai ruɗe. Ɗankwalin da hular a ɗinke su a jikin kai, kada a bar su a ɗaure, in ba haka ba za a wuni ana neman su a ƙarƙashin gado. Mai son gashi ta naɗa baƙin ulu sau 40 a kwali mai faɗin inci 5, ta yanke gefe ɗaya, ta shimfiɗa a kai, ta ɗinke tsaga a tsakiya da ɗinki mai komawa baya, sannan ta kitsa.

Kura, mai baki

Kura ba ta yiwuwa sai da bakin da ke buɗewa, don duk halinta a baki yake. Ita da safa ake yi, doguwa mai kauri ta manya, ruwan ƙasa ko ruwan toka. A gwanjon Ƙofar Wambai ba a rasa irinta, a wanke ta da ruwan zafi. Ki zura hannu yadda dunduniyar safar za ta zauna a bayan hannunki, yatsu 4 a sama, babban yatsa a ƙasa. Dunduniyar nan ita ce tudun kai, a cusa mata ɗan ciko, a nan kunnuwa za su zauna.

Ki juya safar ciki waje, ki ja layin baki da alli daga ƙarshen safar, wurin yatsun ƙafa, ya gangaro inci 3 kowane gefe. Kafin ki yanka, ki bi gefen layin nan biyu da ƙananan ɗinkuna, domin safa saƙa ce, da zarar an yanke ta take fara zarewa. Bayan yanka, ki ninke jan ƙyalle biyu, ki tura ninkin cikin tsagar har ƙurya, ki bi zagayen bakin da alli, ki yanka da ƙarin rabin inci. Zai fito kamar inci 4 da inci 7 idan an buɗe shi. Ki fara kama shi a wurare 4, tsakiyar sama, tsakiyar ƙasa da kusurwoyin baki biyu, sannan ki ɗinke tsakaninsu. Wadda ta faro daga gefe ɗaya ta zagaya za ta ƙare da karkataccen baki, saboda safar tana talewa jan ƙyallen ba ya yi. Kusurwoyin nan biyu a maimaita su, su ne ke fara yagewa.

Abin da ke ba bakin ƙarfi shi ne faifai 2 na roba, a yanko daga gefen tsohuwar jarka da aka wanke sosai, banda wadda ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin ƙwari. Kowanne rabin da'ira, ya gaza jan ƙyallen da kwatan inci ko'ina, a goge bakinsa a dutse ko siminti ya daina kaifi. Kada ki yi faifai ɗaya ki ninke shi: ko ya ƙi rufuwa, ko ya tsage a kan ninkin. Ki bar rabin inci tsakanin na sama da na ƙasa, ƙyallen da ke tsakani shi ne zai riƙa lanƙwasawa. Ki huda hujoji da allurar da aka gasa a wuta, ki ɗinke su a bayan jan ƙyallen, ki rufe da wani ƙyallen don kada roba ta goge yatsu. Sai ki ɗinka robar wando a kan kowane faifai, ta sama yatsu 4 su shiga, ta ƙasa babban yatsa. Idan babu wannan robar, hannu zai buɗe amma baki ya tsaya a rufe. Haƙora da farin ƙyalle ninki 2 ko farar fata, guda 4 sun isa, harshe kuma a ɗinke shi daga ƙurya. Dabbare-dabbaren jiki a yi su da ƙananan baƙaƙen ƙyallaye, a ɗinka su safar tana kan hannu ko kan kwalba, don idan aka ɗinka tana sake, zaren zai tsinke lokacin da ta tale. Gam ba ya riƙe safa, yana bushewa ya ɓalle.

Motsa bakin ma akwai yadda ake yi. Babban yatsa ne ke sauka, yatsun sama su tsaya cak. Idan saman ne ke tashi, Kura za ta riƙa kallon rufi duk lokacin da ta yi magana. Baki ya buɗe a kan kowace gaɓar kalma ya rufe a ƙarshenta, kuma a ɗan karya wuyan hannu ƙasa don idanun su sauka kan masu kallo. Wanda ba ya magana a cikin 'yan tsanan ya tsaya ya kalli mai magana, idan duka biyun suna rawa lokaci ɗaya yara ba za su gane mai maganar ba.

Filin wasa ba wani abu ba ne: zane a ɗaure a ƙofar ɗaki daidai tsayin kan mai wasa idan ta zauna, ko kujera doguwa a ɓuya a bayanta. Bayan sallar isha'i, in an ɗauke wuta, fitila mai caji ta isa, amma a ajiye ta ta gaba wajen masu kallo, a ɗan ɗaga ta. Idan tana baya, inuwa kawai za a gani. Kyandir da aci-balbal su yi nesa da zane. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, aka amsa, Gizo ya leƙo da tsamin bakinsa, sauran aikin tatsuniya ce za ta yi. Hannu yana gajiya da ɗagawa cikin 'yan mintuna, don haka a sa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu, kuma a zaɓi gajeriyar tatsuniya mai mutum 2 ko 3.

'Yar tsanar goyo ta 'yan mata ƙanana ba ta da wannan wahalar. Tsawon inci 12, gaba da baya a haɗe, a bar ƙofar inci 3 a gefe don ciko, a cika ƙafafu da hannuwa tukuna, a ja layin ɗinki a kafaɗa da cinya don su riƙa lanƙwasuwa a goyo, wuya kuma a cika shi da tauri. Zanenta da majanyinta ki bar wa yarinyar ta kalmasa da kanta idan ta kai shekara 7 ko 8, da babbar allura, kina kusa. Ɗinkin zai fito a karkace, kada ki warware mata.

Wanki da hannu, a ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, banda bilic. Kada a murɗe kai, a naɗe shi a tawul a danna. A shanya a inuwar da iska ke ratsawa, rana mai zafi tana kashe launi. Da damina, musamman a watan Agusta, waje yakan bushe ciki yana jiƙe, kwana kaɗan sai fumfuna da wari, don haka ki matsa kan da yatsa ki ji ko da sauran sanyi kafin ki ajiye. Wadda aka yi wa wuyan fata kada a jiƙa ta, fata tana taurara kuma jar fata tana zuba, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, jikin kawai a wanke ana riƙe da kan a sama. Da hunturu ƙura ce matsalar, a ajiye su a tsohuwar rigar filo, ba a leda ba, leda tana riƙe laima. A kife kowace a kan kwalbar roba idan ana so su tsaya a tsaye, hakan yana hana wuyan karyewa.

Allurai da fil-fil kuma ki ƙirga su kafin ki fara, ki sake ƙirgawa idan kin tashi. Kada ki soke allura a tabarma, katifa ko bakin zane da niyyar za ki dawo. Idan ɗaya ta ɓace, maganaɗisun tsohuwar sifika a ja shi a kan tabarma zai ɗauko ta. Kafin ki miƙa wa yaro sabuwar 'yar tsana, ki matse ta ko'ina da tafin hannunki, kai, ƙafafu da cikin baki, domin fil ɗin da aka manta yakan nutse cikin ciko ba a ganinsa.